Kofi Nawa Ne a Kilo Ɗaya na Semo? Fashin Baƙi a Kan Awo da Sikeli

Ana saura kwana biyu ƙaramar sallah ƙanwata ta kira ni daga Unguwar Dosa, muryarta a raunane. Basbusa, wato gashin semo mai zaƙi, ta gasa har tire biyu, ɗaya na gida, ɗaya na gidan surukai. Saman ya jiƙu da ruwan sukari, ya yi ƙyalli, amma da ta sa wuƙa sai ta tarar da tsakiyar a bushe, tana marmashewa kamar tsohon alkaki.

"Yaya, wallahi ban canza komai ba," in ji ta. "An ce semo giram 500, na zuba kofi huɗu cif."

Na ce, "Wa ya gaya miki giram 500 kofi huɗu ne?"

Ta ce, "Ai haka muke yi idan za mu yi kek."

Gaskiya ta faɗa, haka ake yi a kek, domin kek da fulawa ake yi. Kofi ɗaya na fulawa yana tsakanin giram 120 da 125, don haka kofi huɗu ya ba da rabin kilo. Semo kuwa kofi ɗaya yana kai wa giram 167. Kofi huɗunta ya tashi giram 668 ke nan. Ta ƙara cikakken kofi guda a kan abin da aka ce, alhali madara da man da sukarin suna nan yadda suke. Babu yadda za a yi wannan kwaɓi ya fito da laushi, ko wace ce ta gasa shi.

Tushen rikicin shi ne kofi da sikeli ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Kofi, gwangwani, mudu, tiya, ludayi, duk wuri suke aunawa, wato gurbin da abu ya cinye. Sikeli nauyi yake aunawa. Buhun auduga da buhun gero girmansu ɗaya a ido, amma ɗan dako ya san bambancinsu a wuyansa. Abu ɗaya tak ne awon gurbinsa da na nauyinsa suke tafiya kafaɗa da kafaɗa, shi ne ruwa, kuma da gangan aka yi haka. Lokacin da Faransa ta kafa ma'aunin giram a 1795, da nauyin ruwa aka ƙayyade shi. Shi ya sa lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, mililita 250 na ruwa giram 250 ne. Wannan sauƙin na ruwa shi ke yaudarar mutane. Sai mace ta ga an rubuta 250 a jikin kofin awonta, ta ɗauka duk abin da ta zuba a ciki giram 250 ne. Idan aka ce mata semo kofi biyu, ita kuma tana da sikeli, sai ta auna giram 500, alhali abin da ake nufi bai wuce giram 335 zuwa 350 ba. Wannan kuskuren ya ma fi na ƙanwata girma.

Me ya sa semo ya fi fulawa nauyi, bayan dukkansu daga alkama suke? Amsar tana cikin niƙa. Idan aka cire dusa daga ƙwayar alkama, farin cikin shi ake sarrafawa. In an niƙe shi lukui ya zama fulawa. In an barza shi aka bar shi tsaki-tsaki, shi ne semolina. A ƙasashen da suka shahara da taliya, irin su Italiya, da wata alkama mai tauri da ake kira durum ake yin sa, kuma shi ne tushen kuskus na Arewacin Afirka. A nan gida sunan Semovita, wanda kamfanin Flour Mills of Nigeria yake yi ƙarƙashin tambarin Golden Penny, shi ya mamaye bakin mutane, har ya zama ko na Honeywell ko Mama Gold kika saya a Kasuwar Barci, semo dai za ki ce.

Ki ɗebi fulawa a tafin hannu ki dunƙule, za ki ga ta riƙe shatin yatsunki. Ki yi haka da semo, kina buɗe hannu zai zube kamar rairayi. Fulawa ƙwayoyinta ƙanana ne ƙwarai, suna manne wa juna, suna riƙe iska a tsakaninsu, don haka wani kaso mai yawa na kofin fulawa iska ce. Semo yana gangarawa ya zauna, kowane tsaki ya nemi gurbi ya shige. Kofi ɗaya, amma ɗayan ya fi ɗaukar kaya. Sukari ya fi su duka zama, shi ya sa kofinsa yake kai giram 200. A kilo ɗaya ke nan za ki sami fulawa kofi takwas, semo kofi shida, sukari kofi biyar.

Lambar nan ta giram 167 a kofin semo daga jadawalin abinci na Ma'aikatar Noma ta Amurka ta fito, kuma ita ce mafi yawan shafukan intanet suke kwafa. Kamfanin fulawa na King Arthur, shi ma a Amurka, 163 ya rubuta a nasa jadawalin. Ban ga abin jayayya a nan ba, giram huɗu ba ya ɓata girki. Abin da ya fi muhimmanci a gane shi ne kofin da suke magana a kai. Kofin Amurka mililita 237 ne, ana ƙarasa shi zuwa 240. Kofin Ostireliya da na sauran masu bin ma'aunin lita kuwa mililita 250 ne. Tsohon kofin Ingila, wanda za ki ci karo da shi a tsofaffin littattafan girki, 284 ne. Ɗan kofin robar da ke zuwa cikin tukunyar dafa shinkafa ta lantarki kuwa 180 ne kacal. Duka sunansu kofi. Kuma kofunan awo da ake sayarwa a kasuwanninmu a haɗe suke zuwa, wani saitin 240, wani 250, wani ma ba a rubuta komai ba.

Saboda haka na fi son a riƙe ƙa'ida guda maimakon haddace lambobi barkatai: kowace mililita goma ta semo tana da nauyin giram bakwai, ko kusa da haka. Idan kin san girman mazubinki a mililita, ki ninka da bakwai ki raba da goma, kin sami giram. Kofin 250 zai ba ki 175. Kofin tukunyar shinkafa, 126. Babban cokalin awo mai mililita 15, giram goma da rabi. Ƙaramin mai mililita 5, giram uku da rabi. Idan kuma daga giram za ki koma awo, sai ki juya lissafin, ki ninka da goma ki raba da bakwai. Giram 350 ya zama mililita 500. Kilo ɗaya ya zama lita ɗaya da mililita 430 ko kusa, wato da za ki ɗura ledar kilo ɗaya a babbar gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi, za ta kusa cika, saura kaɗan a wuya. Wannan hoton gorar ya fi zama a kai fiye da kowane jadawali.

Akwai wani tarko a girke-girken Amurka da ya kamata a faɗa a gurguje. Suna da oza iri biyu, ta nauyi da ta ruwa. Kofi oza takwas ne ta ruwa, amma semon da ke cikinsa bai cika oza shida ta nauyi ba, domin ozar nauyi giram 28 ce da ɗoriya. In kin ga an ce laba ɗaya, giram 454 ake nufi, kofi biyu da kashi biyu cikin uku, har da ɗan ƙari.

To amma mu a Kaduna, mace nawa ce take girki da kofin awo? Gwangwanin madara shi ne ma'auninmu na gado, daga Rigasa har Kawo. Da shi ake auna shinkafar waina, da shi ake auna sukarin zoɓo, da shi uwa take koya wa 'yarta. A nan ne kuma na fi ganin ana yin kuskuren da ya fi ɓoyuwa. A jikin gwangwanin an rubuta nauyi, misali giram 170 a tsohon ƙaramin gwangwanin Peak da muka tashi da shi. Wannan lamba ta madarar ce. Madarar gwangwani ta ma ɗan fi ruwa nauyi. Idan kika wanke gwangwanin kika cika shi da semo kika shafe bakin, abin da ke ciki yana wajen giram 115 zuwa 120 ne. Mai ɗaukar gwangwani uku a matsayin rabin kilo ta yi gibin kusan giram 150 ba ta sani ba. Ga shi kuma gwangwanayen yanzu ba girmansu ɗaya ba, kamfanoni sun rage wasu, akwai na 160, akwai na 150. Gwangwanin da Inna ta ajiye shekara ashirin a cikin kwanon gari ba lallai ya yi daidai da wanda kika buɗe jiya ba. Idan ta ce miki gwangwani huɗu, da nata take magana.

Mudu kuwa nasa ya fi haka faɗi. Duk wadda ta taɓa awo a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ta sake yi a kasuwar Kawo ranar Talata, ta kuma je Kano aka auna mata da tiya, ta san cewa sunan ma'auni ɗaya ba ya nufin girma ɗaya. Ga batun tozo. Gero da masara da shinkafa da tozo ake auna su, kuma tsayin tozon ya danganta da faɗin bakin mudun da hannun mai awon. Ban ce 'yan awo suna cuta ba. Mafi yawansu ma har gyara suke ƙarawa. Abin da nake cewa shi ne mudu ma'aunin ciniki ne, an gina shi a kan yarda da sabo tsakanin mai saye da mai sayarwa, ba a yi shi don lissafin giram ba. Idan ana sayar miki da semo a buɗe daga babban buhu, kina son sanin ko ya fi na leda araha, hanya ɗaya ce: ki roƙi a ɗora miki mudu ɗaya a sikeli. "Alhaji, don Allah ɗora min in gani." Mafi yawan masu shago suna da sikeli a gefe, kuma ban taɓa ganin wanda ya ɗauki wannan roƙon a matsayin raini ba, in dai da ladabi aka yi shi.

Ko da kofin daidai ne, hannu ma yana da nasa. Na gwada wannan a kicin ɗina sau da yawa, kowa ma zai iya gwadawa. Ki zuba semo a kofi da cokali a hankali, ki shafe bakin da bayan wuƙa, ki ɗora a sikeli. Ki juye. Yanzu ki nutsa kofin cikin buhu, ki bubbuga gindinsa a kan tebur sau uku, za ki ga garin ya sauka ƙasa da baki, ki ƙara ki shafe. Kofin bai canza ba, garin bai canza ba, amma sikeli zai nuna ƙarin da kan kai giram goma sha biyar ko ashirin. In kika bar tozo, ƙarin ya wuce haka. A kofi ɗaya ba wani abu ba ne. A kofi goma sha biyu, kin ƙara fiye da kofi guda ba da niyya ba. Ma'anar kofi a rubutaccen girki shi ne wanda aka zuba sakwa-sakwa aka shafe, ba a danna ba, ba a girgiza ba.

Sai laushin garin. Wani semon tsakinsa manya, wani ya kusa zama fulawa. Duk lokacin da ya ƙara laushi, yana matsawa ne zuwa ɗabi'ar fulawa, ya riƙe iska, kofinsa ya yi sauƙi. Don haka idan kin canza kamfani, kada ki yi mamaki in awonki ya ɗan goce. Girke-girken Indiya da na Masar sukan bambanta mai laushi da mai tsaki, kuma a basbusa bambancin ba a nauyi kaɗai ya tsaya ba, har da yadda garin yake shan ruwa: mai laushi yana sha nan take, mai tsaki yana bukatar a bar kwaɓin ya huta kafin a sa a wuta.

Yanayin garinmu ma yana sa hannu. Semo yana fitowa daga kamfani da ɗan danshi a jikinsa, wajen kashi 14 cikin ɗari, kuma yana musayar danshi da iskar da ke kewaye da shi. A watan Agusta, lokacin da ruwa yake kwana yana zuba a Kaduna, har gishiri yake jiƙewa a kwano, buhun da aka bari a buɗe yakan ja danshi ya fara cuccurewa. A watan Janairu, da hunturu ya busar da komai, garin nan yakan bushe ya yi warawara, ya nemi ruwa fiye da yadda ya saba. A nan ko sikeli ba ya warware komai da komai. Zai gaya miki giram 500 ne, ba zai gaya miki nawa ne ruwa a cikin giram 500 ɗin ba. Shi ya sa ko da sikeli nake aiki, ba na juye ruwan kwaɓi gaba ɗaya. Nakan rage kaɗan, in duba, in ƙara. Kuma semo a rufaffen bokiti ya kamata ya zauna, ba a ledar da aka yage baki aka naɗe ba.

Ba na son a fahimce ni a kan cewa kowane girki sai da sikeli. Tuwon semo na gida ba ya bukatarsa. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, kuma a gaban tukunyar tuwo wannan magana gaskiya ce tsantsa. Kin yi talge, ya dahu, kina zuba gari kina tuƙawa, muciya tana gaya wa hannunki inda aka kwana. Ya yi ruwa, ki ƙara gari. Ya yi tauri, ki yayyafa ruwan zafi ki rufe ya sulala. Tuwo girki ne mai karɓar gyara har zuwa minti na ƙarshe. Wainar semo ma haka, ludayi zai nuna miki kaurin ƙullun kafin ki zuba a tanda, in ta farko ba ta yi ba ki gyara ta biyu. Iyayenmu sun ciyar da gidaje masu mutum talatin ba su taɓa jin kalmar giram ba, kuma tuwonsu babu gudaji.

Inda ido yake gazawa shi ne girkin da ake rufe wa ƙofa. Da zarar tiren basbusa ko kek ya shiga obin, an gama magana, ba a buɗewa a ƙara madara. Duk kuskuren da aka yi a awo, wuta za ta tabbatar da shi. Haka nan taliyar murji ta ƙwai, inda ƙa'idar Italiyawa take giram 100 na gari ga ƙwai ɗaya. Wuri na biyu shi ne ninka girki. Abin da aka rubuta don mutum shida, ke kuma za ki yi na walimar mutum sittin, kuskuren da ba a gani a kofi ɗaya zai ninku sau goma.

Wuri na uku shi ne wanda ya fi damuna, wato sana'a. Mata da yawa a garin nan da tuwon sayarwa da abincin biki suke riƙe gida, kuma ribarsu a cikin awo take ɓuya. Mu ɗauki misali. A ce kin tsara kowace malmala ta ci busasshen semo giram 100. Buhu mai kilo goma zai ba ki malmala ɗari. Idan yarinyar da ke taya ki tana ɗiba da tozo, har kowace malmala ta koma cin giram 120, buhun nan malmala 83 zai bayar. Malmala goma sha bakwai sun tafi a buhu ɗaya, ba wanda ya sata, ba wanda ya zubar. Ki ninka da kuɗin malmala, ki ninka da buhunan da kike ƙararwa a wata. Mai wannan sana'a za ta zauna da dare tana lissafi, ta ga ciniki ya yi kyau amma kuɗin sayen wani buhun ya ƙi cika, ta ɗora laifin a kan tsadar kaya kaɗai. Tsadar tana nan, alkamar da ake sarrafawa a ƙasar nan mafi yawanta daga waje ake shigo da ita, farashinta yana bin dala. Amma wani ɓangare na asarar a bakin gwangwani yake. Ƙaramin sikelin kicin mai batir, irin wanda ake samu a shagunan kayan kek, zai mayar da kuɗinsa cikin ɗan lokaci. Akwai maɓalli a jikinsa da ke mayar da lamba sifili bayan kin ɗora kwano, don kada nauyin kwanon ya shiga lissafi. Shi ne maɓallin da ya fi kowanne amfani, kuma shi aka fi mantawa.

Wadda ba ta da sikeli fa? Akwai dabarar da ba ta cin ko kwabo, kuma ita na fi ba mutane shawara. Kamfani ya riga ya auna miki. Ki sayi sabuwar leda mai kilo ɗaya, ki ɗauki gwangwanin ko kofin da kika saba aiki da shi, ki riƙa cikawa kina shafewa kina juyewa a roba, kina ƙirgawa har ledar ta ƙare. Sai ki raba 1,000 da adadin da kika samu. In kofi shida ya fita, kofinki giram 167 ne. In biyar da rabi, 182. In gwangwani takwas, 125. Wannan lambar ta fi ta kowane shafin intanet daidai a gare ki, domin da mazubinki aka same ta, da irin semon da kike saye, da kuma hannunki. Ki yi haka daban ga fulawa, daban ga sukari, kada lambar ɗaya ta hau kan ɗaya. In kina son sanin girman mazubin a mililita, kwalbar madarar jarirai tana da zane a jiki, ki cika mazubin da ruwa ki juye a ciki ki karanta. Ledar fiya wata an rubuta mata 50cl, wato mililita 500, amma cikarta ba ta cika zama daidai ba, don haka ban dogara da ita a irin wannan.

Bayan sallah na je gidan ƙanwar tawa da sabuwar leda mai kilo ɗaya. Muka shimfiɗa faranti a tsakar gida, ta ɗauko gwangwanin madarar da ta saba auna shinkafa da shi, tana cikawa tana shafewa da bayan wuƙa, ɗanta yana ƙirgawa da ƙarfi. Takwas da rabi ya fita. Muka raba, ya ba da 118. Ta sami makar allo ta rubuta a murfin bokitin semo: gwangwani ɗaya, giram 118. A ƙasa ta ƙara: giram 500, gwangwani huɗu da kwata. Ta tsaya tana kallon rubutun, sannan ta ɗago ta ce, "Yaya, ashe da gwangwani huɗu na zuba ranar nan maimakon kofi huɗu, da tiren gidan su Hajiya ya tafi."